Shingen Gonar Tafinta

Baba Dogara bai taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mai wa'azi ba. In aka kira shi ya yi fassara a coci, sai ya ja da baya kaɗan, ya haɗa hannuwa a baya, ya zuba wa ƙasa ido. Daga can muryarsa take fitowa a hankali, ba hawa ba sauka.

Turancinsa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya samo shi, inda ya yi ƙuruciyarsa yana sayar da tikiti. Da jirage suka yi ƙaranci, ya tattara ya koma gida Kagoma, ya kama noman dawa da doya. Duk baƙon faston da ba ya jin Hausa, shi ake nemo masa. Ta bakinsa mutane da dama suka ba da shaida, suka tuba, suka yi alkawarin aure. Akwai wata kalmar Turanci, profess, da baƙin ke yawan faɗa, wato mutum ya tashi gaban jama'a ya furta abin da ya gaskata. Dogara yakan fassara ta ba tangarɗa. A gida kuwa ya taɓa gaya wa matarsa Milka cewa shi abin yana masa kama da tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

"Shi ya sa har yau ban taɓa jin ka ce kana sona ba," in ji ta.

"Kin taɓa rasa itacen girki?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Yana da aboki, wani makiyayi mai suna Jibir, wanda rugarsu ke ƙetaren rafi tun zamanin iyaye. Tsarinsu tsoho ne. In an gama yankan dawa, shanun Jibir su shiga gonar Dogara su ci kara da harawa, su bar masa taki. Ba wanda ya taɓa cewa ga sharaɗi. Kaka ta yi, shanu su zo, Milka ta sami man shanu.

A wata shekara, wasu shanun da ba a san na wa ba suka tattake doyar wani mutumin ƙauyen. Ƙungiyar matasa ta kira taro a filin makaranta. Shugabansu Alexander, wanda ya dawo daga Abuja, da Turanci ya yi jawabi, don akwai 'yan gari mazauna birni da ke ɗauka a waya. Aka sa Dogara ya juya wa tsofaffi. Shawarar ita ce kowa ya killace gonarsa, kada saniya ta ƙara shiga, ko da bayan girbi ne. Dattawa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun yarda.

Sai Alexander ya juyo wajen Dogara, ya ci gaba da Turanci.

"Baba, kowa ya san shanu suna kwana a gonarka. Yau ka faɗa a fili gaban mutanenka, ina ka tsaya?"

Dogara ya juya tambayar da Hausa, kalma ba ta faɗi ba. Sannan ya yi shiru yana jiran amsa kamar kowa. Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Kai ake tambaya, Tafinta!" Ya gyara hularsa kawai. Aka ɗauki shirun a matsayin yarda, taro ya tashi.

Ɗansa Gregory ne ya kafa shingen, da dirkoki masu kauri da ƙaya, ya kewaye gonar kaf.

Ranar kasuwa Jibir ya biyo da sandarsa a kafaɗa, ya iske Dogara zaune a gindin mangwaro.

"Tafinta, na ga ka yi wa kara ɗaki. Aure za ka yi masa?"

"Yara ne suka yi."

"An ce an tambaye ka, Turancinka ya ƙare."

"Bai ƙare ba. Zauna ka sha ruwa."

Jibir bai zauna ba. Ya ce ciyawar bakin rafi ba za ta kai su tsakiyar rani ba. In babu kara bana, zai kora shanun ya yi wajen Jere wurin surukansa, kuma mai shekarunsa in ya tashi da iyali ba ya dawowa. Ya faɗi haka ba fushi, ya yi sallama.

Dogara bai koma wurin matasa ba, bai kuma ce wa Gregory komai ba. Washegari da safe ya ɗauki gatari ya nufi gefen gonar da ke kallon rafi. Ƙasa ta riga ta bushe, dirkokin sun kama, shi kuma hawan jini ya daɗe da rage masa ƙarfi. Yakan girgiza dirka ɗaya har gumi ya jiƙa shi, ya zauna ya huta, ya sake tashi. Masu wucewa a babur sun gan shi. Wasu suka ce gyara yake yi, wasu suka ce ba gyara ba ne. Milka ta tambaye shi, ya ce itacen ya yi kyau da girki.

A can aka same shi wata ranar Alhamis da hantsi, ya jingina da shingen, gatarin na kan cinyarsa. Kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa.

Jibir ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma nesa da masu waƙa. Da zai koma ya bi ta gefen gonar ya tsaya ya duba. Dirkokin da aka tuge suna jere a ƙasa, an janye ƙayar gefe guda. Ƙofar da ta samu ɗan maraƙi zai iya wucewa, amma babbar saniya ƙahonta ba zai shiga ba. Dirka ta gaba an haƙe gindinta rabi, ta karkace, tana nan tsaye.