Sauro Ne Ya Kashe Yaya Habibu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma har yau abin da muke faɗa wa mutane ba daidai ba ne. Mu a gida cewa muke ya rasu "bayan gajeruwar rashin lafiya". Maƙwabta a Gyaɗi-Gyaɗi sun ce hawan jini ne. Abokansa masu adaidaita sahu sun ce gajiya ce. Duk ba haka ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kashe shi. Kunya muke ji a ce ƙato kamar Yaya, wanda ke ɗaga bayan adaidaita shi kaɗai, wai sauro ne ya kayar da shi.

A gidanmu, da zarar sabon gero ya shigo kasuwa, mahaifiyarmu Inna za ta sa a kwance gidajen sauro, a wanke, a ninke, a zuba a akwati sai wata damina. Haka ta taso ta gani a ƙauyensu, kuma a zamaninta hakan daidai ne: ruwa ya ɗauke, kududdufai su bushe, sanyi ya shigo, sauro ya ɓace.

Shekarar da Yaya ya rasu, bayan an rufe akwatin sai aka ƙara tafka ruwa. Kwatoci suka cika, sanyi kuma ya ƙi zuwa. Da jikinsa ya yi zafi cewa ya yi, "Maleriya da kaka? Ke dai miƙo min maganin ciwon kai." Kaf gidan muka yarda. Sai da ya fara sambatu aka kai shi asibiti. Anti Rahila, maƙwabciyarmu 'yar Jos da ke aikin nas, ita ta faɗa mana cewa zazzaɓin ya riga ya hau masa kai.

A rediyo sauyin yanayi suke kiran wannan rikicewar damina. Ni dai abin da idona ya gani shi ne, ruwa yanzu ba shi da lokaci. Ya makara, ya zo ya sauka gaba ɗaya, ya kwanta a lungu, zafi kuma ya ƙi tafiya. A shagon ɗinkin da nake aiki a Tarauni, har cikin Disamba tafi muke wa sauro a ƙarƙashin keke.

Da Yaya zai leƙo yau, na san dariya zai fara yi. Zai ce, "Uwar tsiwa, duk bakin nan naki, a gida kin kasa magana?"

Makon jiya na dawo na tarar an wanke gidajen sauro an shanya a kan igiya.

Na ce, "Inna, ruwa fa bai gama ba."

Ta ce, "Gero ya shigo. Ke za ki koya min damina?"

Na juya na shige ciki. A ɗakin Inna kuwa Ummi ke kwana, 'yar da Yaya ya bari. Adaidaitarsa an sayar, kayansa an rabar. Abin da ya rage mana nasa ita ce, da wushiryarsa da irin dariyarsa.

Ran Juma'a za a yi masa addu'ar shekara. Kafin baƙi su zo zan buɗe akwatin nan, in ɗaura wa Ummi gidan sauronta da igiyar da ba ta kwantuwa sai da wuƙa. Inna za ta yi faɗa, zan durƙusa in saurara. Duk kuma matar da ta ce min Allah ya jiƙan Habibu, zan ce amin, sannan in gaya mata abin da ya kashe shi.