Saƙon Malam Issufu da Ban Kai Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shagona na dabino a Uhudu, nan Madina, da safen nan aka kira ni daga Yamai: Malam Issufu ya rasu.

'Yan Nijar sun san shi. Ya daɗe yana karanta labarai da Faransanci a talabijin, daga baya ya buɗe shirinsa na hira. Ni kuwa tafinta nake masa duk zuwansa aikin Hajji. Ba na jin Faransancinsa, shi ma Larabcinsa sai a hankali, sai mu haɗu a Hausa.

Yana da wata ɗabi'a: duk wanda ya yi hira da shi, sai ya tabbatar ya ga shirin.

A bara na kai shi unguwar Bani Harisa wurin Hajiya Kande, tsohuwar da iyayenta suka taso daga Damagaram a ƙafa tana goye. A ƙasa ya zauna, yana ce mata Inna. Awa biyu bai katse ta ba.

Da shirin ya fito da Faransanci na nuna mata a waya. Ta kalla kaɗan ta miƙo min. "Ya waladi, ɗana, fuskar dai tawa ce. Amma me yake cewa a kaina? Halas, shi ke nan, karɓi abinka."

Ya zo Umara da azumi, na ba shi labarin ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "To ai ba ta gani ba ke nan."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Sati uku da suka wuce ya turo min bidiyo. Ya sake shirin gaba ɗaya da Hausa, da muryarsa, saboda mutum ɗaya. Muryar ta dushe, na ɗauka mura ce. Ya rubuta: "Kai wa Inna, ka faɗa min abin da ta ce."

Na ce gobe. Kullum gobe, wai ciniki ya yi yawa. Sau biyu yana tambayata.

Wallahi ina jin kunya.

Yau bayan la'asar zan rufe shago in kai mata. Za ta gani, za ta yi magana, amma babu wanda zan mayar wa da amsa.

Allah ya jiƙan Malam Issufu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.