Ƙahon Ubana a Bakin Lasifika

Shekara shida na yi ina boyi a gidan wani Baturen safiyo a Kaduna, kafin mulkin kai. Shara, wanki, guga, goge takalmi. Ba ni da abin faɗi a kan waɗannan. Aiki ɗaya nake yi da zuciyata, shi ne kuma ya kore ni.

A falo akwai garmaho mai lantarki da akwatin lasifika na katako, tsayinsa ya kai mini ƙugu. In ka cire yadin gabansa, lasifika biyu ne a ciki. Babbar tana ƙasa, ba ta da fitina. Ƙaramar tana sama, ta takarda ce, faɗinta bai wuce bakin kofin shayi ba, a tsakiyarta akwai ɗan tudu kamar rabin ƙwan kurciya. Ita ke fitar da siririn sauti, irin na goge da sarewa. Titin gaban gidan jar ƙasa ne, motocin gini suna wucewa wuni guda, ƙura tana ratsa yadin ta kwanta a kanta.

Sau ɗaya maigida ya nuna mini yadda ake share mata ƙurar, da Hausarsa ta littafi: "Ba tsumma. Ba ruwa. Ba yatsa." Sauran ni na koya wa kaina. Gashin zabo, na ƙirji, mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Ba a hurawa da baki, don numfashi yana da laima, ƙurar sai ta manne. Ubana wanzami ne. Na gudo daga ƙauye don in rabu da sana'arsa, amma hannun da ya koya mini na aske kan jariri, shi nake kawowa nan.

Wata Asabar da hantsi na cire yadin, na je ɗakina ɗauko gashin. Da na dawo na tarar da uwargida, matar Baturen, tsaye a wurin da tsumman goge tebur. Ta dube ni, ta ajiye tsumman, ta shige ɗaki. Ɗan tudun nan ya lotsa, daidai kan yatsa.

Na je kicin wurin kuku, wani dattijo Kirista mutumin kudancin Zariya.

"Ɗan wanzam, mayar da yadin ka yi shiru," in ji shi.

"Baba, zai ji. Mutumin da ke jin ƙura da kunne?"

"To ka ce ita ce."

"Za ka tsaya mini shaida?"

Bai ɗaga kai ba. "Ni dankali nake gani tun safe."

Ba korar kaɗai nake tsoro ba. Boyin da ya fita babu takardar shaida, ba gidan Baturen da zai ɗauke shi.

A jakar da ubana ya bar mini akwai ƙaramin ƙaho, wanda ake kafa wa mai ciwon kai. Na goge shi ya bushe sarai. Na durƙusa, na ɗora bakinsa a kan lotsawar, na zuƙa a hankali, yadda ake jan fata kafin a tsaga. Na farko ba komai. Na biyu na ji ɗan ƙas. Na ɗaga ƙahon. Tudun ya dawo, sai wani ɗan layi kamar silin gashi.

Na sake ɗorawa don gefen ya zauna daidai. A nan maigida ya shigo. Na manta ran Asabar da wuri ake tashi ofis.

Na san abin da ya gani: boyi a durƙushe, ƙaho a baki, jakar fata a buɗe a kan darduma, askoki a fili. Ya ce tsafi nake yi masa a kaya. Na ce gyara ne.

"Me ya ɓaci da za a gyara?"

Uwargida tana bakin ƙofa. Na dube ta, tana duban labule. In na faɗa, ƙarya zai ƙara mini a kan tsafi. Na tattara askokina na mayar cikin jaka.

Ya ba ni zuwa la'asar in bar masa gida. Na roƙi takarda, ya ce abin da zai rubuta ba zan so a karanta mini ba.

Ina ɗaure tabarmata na ji ya sa faifai, wanda gogensa ke hawa can sama, don ya auna ɓarnar da na yi. Na tsaya da igiya a hannu ina saurare. Tas yake fita, ko karkarwa babu. Ya ji har ƙarshe, ya juya faifan. Na ƙara jinkiri a ɗaurin nan, na kwance na sake. Bai aiko a kira ni ba.

Kuku ya rako ni bakin ƙofa, ya cusa mini burodi a aljihu. "Da ka bar shi a lotse," ya ce.

Na bi gidajen Turawa ɗaya bayan ɗaya, kowa takarda yake tambaya. Na ƙare a unguwar Kawo, gindin bishiya, ina aski. Har yau ƙaramin ƙahon nan nake kafa wa masu ciwon kai. Yana ja da kyau.