Kan Jirgin da Na Hana Alhaji

Ƙarfina a bakin wuta na ƙarar da shi. Fayaman ne ni a reluwe, wato mai zuba kwal a cikin kan jirgi, daga Kano zuwa Kafanchan mu juyo. Da aka kawo jirage masu shan dizal sai aka ce shebur ya gama aiki. Wani ma'aikacin gwamnati ya taho da ni Landan ina yi masa tuƙi da cefane. Aka mai da shi gida, ni na maƙale, ina wanke bas a gareji a Edmonton, ina kwana a wani ɗaki da ko miƙa ka yi sai ka taɓa bango.

Ba na iya zaman ɗakin. Ran Asabar sai in sa kwat in bi titi, ba wurin kowa za ni ba. A irin wannan yawon ne na tsaya gaban wani kanti a Tottenham, na wani tsohon Bature mai sayar da ƙananan jiragen ƙasa. Na ɗauka kayan yara ne, ashe masu furfura ne ke cika wurin. A jikin gilashi an manna hoton wani sabon kan jirgi da za a fito da shi. Baƙi wuluk, ga tukunya, ga bututu, ga akwatin kwal a baya, har da 'yar ƙofar wutar da na yi shekaru ina buɗewa. Ba namu ba ne sak, amma ɗan uwansa ne. Na shiga na ce nawa.

Tsohon ya ce bai iso ba tukuna. Ya faɗi kuɗin, ya fi albashina na sati. Na ce a rage. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce nan ba a ragi. Ya ce guda kaɗan za a kawo masa, in ina so in yi booking, a ajiye mini ɗaya. Na ba da kafin alƙalami na fito ina zagin kaina. Gardi da kai, ko mata ba ka da ita a garin, ka je kana kama abin wasa.

Daga nan Asabar ta samu wurin zuwa. In shiga, ya girgiza kai tun kafin in yi magana. Yau ya ce masu haƙar kwal suna yajin aiki, masana'anta ba wuta. Na yi dariya har ya tambaye ni lafiya. Na ce jirgin ƙarya ma rashin kwal ya tsayar da shi. Wata Asabar na tarar an soke tsohon kuɗin da jan biro an rubuta sabo a sama. Na ce wannan fa? Ya ce roba ta yi tsada, kuma da man fetur ake yin ta.

"Manku ne ya tashi," in ji shi. "Ai ku ne masu kuɗi yanzu."

Na nuna masa tafin hannuna da sabulun bas ya cinye. Duk da haka bai rage ba. Sau nawa aka soke aka sake rubutawa, na daina lura. Na sha cewa zan karɓi kuɗina in huta, in na isa ƙofar sai in ji na tambaya ko ya zo.

Gaskiyar tsohon ce ta wani wajen. Lokacin mutanenmu suna sauka Landan kamar an buɗe musu famfo, su sayi gado, su sayi labule, su sayi abin da ba su san amfaninsa ba. Nakan ari mota in yi yawo da su a sallame ni. Cikinsu har da wani Alhaji ɗan unguwarmu, sa'ana. Da can goro yake sayarwa a tasha, nakan ɗebar masa ruwan zafi daga jikin inji ya jiƙa shayi. Yanzu ɗan kwangila ne, ya yi wuya ya yi tumbi.

"Fayaman! Har yanzu kana nan kana wanke wa Turawa mota?"

"Ina nan, Alhaji. Ba kowa ne goro ya karɓa ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. A mota ya ce mini ya sayi manyan motoci na jigilar siminti, direbobi suna cinsa da rai, yana neman na gida da zai tsaya a kansu. Ya ce shi zai biya kuɗin jirgi, ga ɗaki a bayan gidansa kafin in kama nawa. Ya ce kafin ya tashi za mu ƙarasa magana. Ban iya cin abinci ba ranar. Tsohuwata tana raye lokacin, idonta ya fara tafiya, duk wanda zai zo sai ta aiko a tambaye ni yaushe. Hanyar gida ke nan ta buɗe, ba kuma da hannu biyu a aljihu ba.

Ran Asabar muna dawowa daga sayen kafet, ƙafata ta taka birki da kanta a gaban kantin. Na ce Alhaji minti ɗaya. Maimakon ya zauna sai ya biyo ni.

Tsohon bai girgiza kai ba. Ya sunkuya ya ɗauko kwali, ya buɗe, ya ɗora abin a kan ɗan layin dogo da ke kan kanta. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya da rabi ba. Ya ɗiga masa wani mai a bututu, ya murɗa makunni. Sandunan ƙafa suka fara kai da komo, hayaƙi siriri ya tashi. Lantarki ne ke jansa, na sani, ba wuta ba tururi. Duk da haka sai da na ji zafi a fuskata.

Alhaji ya matso. Ya ce akwai wani babba a ma'aikata da takardun kwangilar Alhajin suka kwana a teburinsa, a Ingila ya yi karatu, falonsa cike da irin waɗannan, kuma wannan bai isa hannunsa ba tukuna.

"Gaya masa a naɗe mini."

Na gaya wa tsohon. Ya ce babu, duk wanda ya zo da mai shi. Alhaji ya ce a ninka kuɗin. Tsohon ya ce a'a. Alhaji ya ce to ya faɗi da bakinsa, ya ciro damin kuɗi ya ajiye a kan kanta. Kunnen tsohon ya yi ja. Ya ture kuɗin da bayan hannu, ya nuna ni da yatsa ya ce na wannan ne, tun sanyin bara yake zarya.

Wannan kam Alhaji bai buƙaci tafinta ba. Ya juyo yana murmushi.

"Kai, Fayaman! Ashe abin na gida ne. Amma fa ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau."

Kowa ya san abin da ake cewa a nan. Babba ya yaba abinka, sai ka ce ai naka ne, ranka ya daɗe. Shi kuma ya san yadda zai yi da kai daga baya, ba za ka yi asara ba. Na sha faɗa a kan hula, na faɗa a kan agogo. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ya yi kyau kam."

Na cika kuɗin da hannuna, na rungumi kwalin. Har otal Alhaji jan carbi kawai yake yi.

Kwanakin da suka rage ban zauna ba. Na naɗe kwalin a jarida na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zan kai masa, na sauka a hanya na dawo. Washegari na kai har ƙofar otal, na tsaya ina kallon mai gadi, na wuce kamar mai neman wani gida. A wurin aiki na wanke bas ɗaya sau biyu. Ina ce wa kaina, kai wane irin mutum ne, uwarka tana jira kana riƙe da roba? Sai wata zuciyar ta ce, shekara nawa kana cewa naka ne? An karɓe shebur ka ce to. An bar ka a garin mutane ka ce to.

Ranar tafiyarsa na sa kwalin a but ɗin mota tare da kayansa. Na yanke shawara, a filin jirgi zan miƙa. Muka isa, ɗan dako ya turo kura yana lodi, akwati, kafet, akwati. Ya kai hannu ya ɗauki kwalin ya ɗora a sama. Alhaji yana tsaye yana gani, ya gane shi sarai, gefen bakinsa ya fara motsi. Da na yi shiru kawai, shi ke nan, ko magana ba sai na yi ba.

Na ce, "A'a. Wannan ba ya ciki." Na sauke shi.

Alhaji ya dube ni ya daɗe. Ya sa hannu a aljihu ya biya ni kuɗin tuƙi daidai, ba ƙari, abin da bai taɓa yi ba.

"To, Fayaman. A gai da Turawa."

"Allah ya kiyaye hanya, Alhaji. A gai da gida."

Maganar motocin siminti ba ta sake tashi ba. Na ji ƙanin matarsa ya ba wa. Ni kuwa sai da na ƙara shekaru kafin na haɗa kuɗin zuwa ganin tsohuwa, na same ta ba ta gani sam, da hannu ta shafa fuskata ta ce na rame.

Ran da na dawo daga raka Alhaji filin jirgi ne na tuna ban da layin dogo, ban da na'urar ba shi wuta. Na ajiye shi a bakin taga. Asabar na zagayowa na sa kwat na koma Tottenham tambayar kuɗin layi. Tsohon ya ce ya ƙare, sai wani watan, kuma kada in riƙe tsohon farashi a raina.