Guntun Taƙin Arzika Kafinta

Duk wanda ya taɓa sa ƙyaure ko benci tsakanin Bodinga da Sifawa ya san Arzika kafinta, ya kuma san ba ya awo da tef. Da taƙi yake awo, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, kamar yadda ubangidansa ya koya masa. Abin tsokanar shi ne zarto ya cinye masa gaɓa ɗaya ta yatsan tsakiya tun yana saurayi, don haka taƙinsa bai kai na kowa ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa yake muddin hannun da ya auna ƙofa shi ya auna ƙyaure, babu abin da zai ƙi shiga. Shekara talatin yana wannan taƙama, ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Matarsa Binta ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Ummulkhairi, wadda saboda kunyar 'yar fari bai taɓa kiran sunanta ba. Yayar Binta, Hajiya Kande, ma'aikaciyar lafiya a Sakkwato, ita ta riƙe yarinyar har ta gama karatu. Tsakanin Hajiya da Arzika kuwa sai gaisuwa, ita ma a tsaitsaye. Tun farko ba ta so ƙanwarta ta auri mai buga ƙusa ba, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

Da aka sa ranar auren Ummulkhairi da Nafi'u, wani malamin makaranta a Shagari, Hajiya ta ce komai na ɗaki daga Sakkwato za a kawo, har kabad ɗin kicin. Nan Arzika ya kafe. Ta sayi gado, ta sayi kujeru, amma kicin ɗin 'yarsa hannunsa zai yi shi. Da ƙyar Hajiya ta yarda, bisa sharaɗin ya bar gurbin firjin da ta saya, ƙato mai ƙofa biyu.

Da ya hau babur ya je ya auna da kansa, da ba a kai ga wannan labari ba. Amma firjin yana falon Hajiya, shi kuma ya gwammace kiɗa da karatu a kan ya zauna a falon nan ana kallon takalmansa. Sai ya buga wa Mode, direban da zai ɗauko kayan, waya ya ce ya auna masa faɗinsa. Mode ya ce taƙi huɗu cif. Mode kuwa tafin hannunsa ya kusa faifai. Arzika ya auna huɗu da nasa guntun, ya ƙara yatsa biyu don iska, ya kafa aikinsa a gidan Shagari, ya dawo yana murna.

Uba ba ya zuwa jere, wannan aikin mata ne. Ranar jeren yana shagonsa a Bodinga, ya idar da azahar ke nan, wayarsa ta yi ƙara.

"Arzika, taho ka ga aikinka," in ji Hajiya Kande, babu ko sallama. "Firji bai shiga ba. Dangin ango na tahowa bayan la'asar. In sunka iske shi tsakar gida, ni ko in sa a ɓalle katakan ga dut a hidda su waje, gobe in kawo na Sakkwato."

Arzika ya miƙe. Ya san ta, in ta faɗa sai ta aikata. Ya zuba zarto da guduma a buhu ya ɗaure a bayan babur. Har ya isa Shagari bai san wa ya gaishe shi a hanya ba.

Da ya yi sallama wasu matan suka ja mayafi. Kunya ta kama shi kamar ya nutse: ga uban amarya tsamo-tsamo cikin 'yan jere. Firjin yana tsaye a bakin kicin, Mode na jingine da shi yana sharce gumi. Arzika ya ɗora hannu ya auna, ya sami huɗu da rabi har da ɗoriya. Ya dubi hannun Mode, ya dubi nasa. Laifin ba na Mode ba ne.

Hagu da gurbin bango ne, gidan kuma na haya, ba a taɓa shi. Dama kuwa wata siririyar kanta ce ta ajiye daddawa da barkono, faɗinta taƙi ɗaya. In ta fita firji ya shiga. Kowa ya ga haka, Hajiya ce ta fara faɗa.

"Mi kaka jira? Sa guduma ka kakkarye ta. Kantar yaji ta, ba gado ba."

"Hajiya, a yi mani haƙuri kaɗan. Ba a sa ma wagga guduma."

Abin da bai gaya wa kowa ba, kantar nan ba sabon katako ba ce. Daga tsohon kabad ɗin Binta ya fitar da ita, wanda aka jera mata ranar nata auren. Ya goge, ya shafa fenti a waje, ya saka ta a tsakiyar sabon aiki don yarinyar ta riƙa taɓa abin uwarta kullum ko ba ta sani ba.

Ya durƙusa ya shiga zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya buga su, ya kuma buga su don kada su fita har abada, yau ga shi yana roƙonsu. Tsohon katako ba ya son gaggawa, ana matsa masa yake tsagewa. Hajiya na tsaye a kansa, ta duba waya, ta yi tsaki, ta sake dubawa. Yana kan ƙusa ta tara aka kira la'asar. Ƙusar ta lanƙwashe, katakon ya yi ƙara, Arzika ya tsaya cak.

"Mode, amshi gudumar nan," in ji Hajiya.

Arzika ya ɗora guntun yatsansa a kan gudumar. Bai ɗaga kai ba. "Saura ukku, Hajiya. Don Allah."

Bai taɓa roƙonta komai ba, ko ranar da ta tafi da 'yarsa. Wataƙila shi ya sa ta ƙyale shi. Ya zare ukun, ya yanke leɓen saman da zarto, ya rungumo kantar ya fito da ita lafiya lau, ya jingine ta a bango. Shi da Mode suka tura firjin. Ya goga kaɗan, ya tsaya, suka gyara masa zama, sannan ya shige har ƙurya, da sararin yatsa biyu a kowane gefe. Mata suka sauke ajiyar zuciya.

Hajiya kaɗai ba firjin take kallo ba. Bayan kantar ne ya juyo waje, gefen da ba a yi wa fenti ba, da wani baƙin tabon ƙuna zagaye kamar gindin kofi. Ta sa yatsa ta bi shi. Ita ce ta ɗora fitilar ƙwai a kai ranar jeren Binta, shekara ashirin da shida da suka wuce, ta ƙona shi, har ita da Binta suka yi kwana uku ba sa magana.

"Arzika," ta ce, muryarta ta sauka, "ina za ka da shi?"

"In mayas shago."

"Ba ka maida shi ko'ina. Buga shi nan, kusa ga murhu."

Ita da kanta ta tallafe kantar a jikin kabad, da zoben zinariyarta da komai, yana buga ƙusa. Yana kan ta ƙarshe dangin ango suka yi sallama. Wata gwaggon ango ta leƙo kicin, ta yaba firji, ta yaba tukwane, sannan idonta ya sauka a kan tabon, don a gaggauce gefen ƙunar ne ya kalli ƙofa.

"Hajiya, wanga tsohon katako hwa, cikin sabbin kaya?"

"Na uwar amarya na," in ji Hajiya Kande. "Ita ma ta taho jeren ɗiyatta."

Arzika ya tattara buhunsa ya fice ta ƙofar baya, tunda bai kamata a ga uba a wurin ba. Ya yi la'asar a wani masallaci a bakin titi. Da ya ɗaga hannu zai yi wa Binta addu'a, kuka ya ci ƙarfinsa, ya daɗe a zaune kafin ya iya tada babur.