Abin da Batula Take Faɗa a Bakin Murhu

A Tamawa, duk wanda bai kai shekara talatin ba, da wuya a ce ba a hannun Batula ya faɗo duniya ba. Wajen kakarta ta gaji ungozomanci. Da ɗebo ruwan zafi ta fara tun tana budurwa, har ya zamo ita ake aikowa a kira. Doguwar mace ce marar yawan magana, in ta shiga ɗakin mai naƙuda takan sallami kowa ta bar mutum ɗaya. Mijinta Malam Garba manomi ne, ya daɗe da sabawa da dawowa gona ya tarar an zo an tafi da ita.

Daminar shekara uku da suka wuce, Hafiza, 'yar ƙanwarta Fatu, ta dawo gida goyon cikin fari. Naƙuda ta kama ta da hantsi, kafin la'asar ta sauka lafiya, namiji. Sai jini ya ɓalle. Fatu ta ce a nemo mota, Batula ta ce a ɗan dakata, ta sha ganin irinsa ya tsaya. Ta danna mara, ta ba da jiƙo, ta jira. Lokacin da ita da kanta ta ce a tafi, ruwan sama ya riga ya sauko, hanya ta caɓe. A bayan a-kori-kura Hafiza ta cika, kanta bisa cinyar Batula, ana hango gidajen Kurfi, inda asibiti yake.

Ran sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Fatu ta dube ta.

"Yaya, tun da jini ya jiƙa zanin farko na ce miki a tafi."

Tun daga ranar nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Batula ta daina zuwa kira. In an yi sallama a ƙofar gida sai ta shige ɗaki ta ce a ce ba ta jin daɗi.  Ta rame, ba ta cin abinci sai an matsa. Malam Garba ya ɗauka hawan jini ne, ya kai ta asibiti a Dutsin-Ma. A can suka dace da wata ma'aikaciyar jinya, Nana Hadiza, wadda ta taɓa koyar da ungozomomin ƙauyuka a wata bita, ta kuwa gane Batula. Da ta gama awo ta ja ta gefe ta tambaye ta abin da ke damunta. Batula ta faɗa mata duka, abin da ba ta taɓa yi da kowa ba.

Nana Hadiza ta ce mata tun ranar nan kullum tana zagin kanta a zuci, kuma zuciya takan yarda da abin da aka yi ta nanata mata. Ta ba ta shawarar kowace safiya ta faɗa wa kanta magana mai kyau da baki, kamar "ni gwana ce a aikina" ko "ba ni da laifi".

Batula ta gwada kwana huɗu ta watsar. Da ta koma karɓar magani bayan wata guda, ba ta ɓoye ba.

"'Yar nan, ba zan iya tashi daga sallar asuba in fara ranata da ƙarya ba. Ina da laifi. Ni na ce a jira."

Nana Hadiza ba ta yi musu ba. Ta ce to ta bar waɗancan, ta nemi nata, abin da ta san gaskiya ne ko da ba daɗi, amma wanda zai tashe ta tsaye. Ta kuma ce ta haɗa shi da wani aiki da ba ta taɓa tsallakewa, don in ta bar shi sai ran da ta ji tana so, ba zai ɗore ba.

A cikin motar komawa Batula ta yi ta juya maganar, har ta tsaya a kan wannan: "Na jinkirta, amma ban yi da nufi ba, Allah Ya ga zuciyata. Hannuwan nan sun karɓi rayuka da yawa lafiya. In aka kira ni zan je, in na ga abin da ya fi ƙarfina ba zan jira ba." Aikin da ta zaɓa shi ne hura wutar kunun safe. In ta durƙusa gaban murhu ta tura kara, sai ta faɗa sau uku kafin ta ɗora tukunya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Wata rana kuka ke tare ta a jimlar farko. Wata maƙwabciya ta jiyo ta ta kan danga, kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa Batula ta fara hira da wanda ba a gani. Malam Garba ya tambaye ta cikin damuwa, ta yi masa bayani, ya tashi ya fita. Ta ɗauka bai ji daɗi ba, washegari ta hura wutarta baki a rufe. Yana kurɓar kunu ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Yau ban ji ki ba." Ta koma bakin murhun ta faɗa.

Sau biyu tana yankewa. Na biyun ya fi tsawo, bayan ta haɗu da Fatu a wani gidan suna, Fatu ta tashi ta canza tabarma. Kwana goma sha bakwai Batula ba ta ce uffan ba a bakin wuta. Ba wanda ya lallashe ta. Wata safiya ta ji bakinta ya fara da kansa, ta bi shi.

Wajen wata takwas da farawa, ana tsakar rana, Labaran mai faci ya yi sallama ya ce matarsa Bilkisu na kan gwiwa tun safe. Batula ta tsaya a tsakar gida har ya sake sallama, sannan ta ɗauki mayafinta. Da ta isa ta shafa cikin Bilkisu ta ji ɗan a gicciye yake. Nan take ta ce a nemo abin hawa. Uwar Labaran ta ce ai da can ba haka take ba, takan juya ɗa da hannunta, ko tsoro ne ya kama ta?

"Tsoron ne," in ji Batula. "A kawo motar."

Daga asibitin Kurfi aka tura su Dutsin-Ma, aka yi wa Bilkisu aiki. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Mutanen gari suka rabu biyu. Wasu suka ce Batula ta ceci yarinyar, wasu suka ce da ta juya shi a gida da duka biyun sun tsira. Likitan da ya yi aikin ya ce jaririn ya riga ya galabaita tun kafin a kira ta. Ta ji, amma ta yi makonni tana tambayar kanta ko tsayuwar da ta yi a tsakar gida ta ci wani abu.

Yanzu ba kowane gida ke kiranta ba. Waɗanda ba sa son zancen asibiti sun koma wajen wata ungozomar. Masu kiranta sun san sharaɗinta: a tanadi mai mota kafin ta shiga ɗaki. Maganar safiyar tana nan, shekara biyu ke nan da 'yan kai. Takan ce akwai ranakun da take faɗa tana jin ta har cikin ranta, akwai ranakun da baki ne kawai ke motsi, kuma ta daina jiran ranar da za ta ji ta warke. A watan jiya ta raka mata biyu Kurfi, ta karɓi haihuwa ɗaya a gida, mace, aka sa mata Talatu.