Anti Kouloussoum da Tsofaffin Garin Hasumiya Biyu

Kafin rana ta gama fitowa a kan High Point Road, Anti Kouloussoum ta riga ta idar da sallah, ta zuba kunun gero a fulas, ta ɗaura kallabi a saman shuɗiyar rigar aikinta, ta shiga lallashin tsohuwar motarta wadda ba ta shiri da sanyi. Daga nan sai Irving Park, unguwar manyan gidaje, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ɗan Adam a ƙasa ba sai mai yankan ciyawa. Aikinta shi ne kula da tsofaffi a gidajensu. Ta yi musu wanka, ta canza shimfiɗa, ta juya wanda ba ya iya juyawa don kada bayansa ya yi gyambo, ta zauna da cokali a hannu tana jiran baki ya buɗe. Fiye da shekara goma tana wannan hidima, sai a bazarar nan ta 2008 gwiwa ta ce ta gaji, ta ajiye aikin.

Mu 'yan ƙasarmu mazauna birnin Greensboro mun iya yabon wanda ya buɗe shago ko ya sayi gida. Wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke iyayen wasu kuwa, sai mu ce "ai aikin gidan Turawa take yi", mu kawar da kai kamar abin kunya ne. Wannan halin namu yana ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tchima, abokiyar aikinta, ta ce ba ta taɓa ganin Anti Kouloussoum ta shiga ɗakin tsoho ba tare da cikakkiyar gaisuwa ba. Ta tambayi kwana, ta tambayi jiki, ta tambayi 'ya'ya da jikoki, ko da wanda take gaisarwa ya shekara bai ce uffan ba. Bagobira ce 'yar garin Tsibiri, kuma ta tsallako teku da gaisuwarta ba ta rage mata komai ba.

A cikin tsofaffin da ta riƙe akwai Mama Etelka, wadda take zaune a gidan 'yarta Klara. Asalinta 'yar wani ƙaramin gari ce a yankin Tiransilbaniya na ƙasar Romaniya, garin da ƙabilu biyu suka daɗe suna zaune, Romaniyawa da Hangarawa. Ba zan kawo sunan garin ba, domin suna biyu gare shi, kuma duk wanda na kama rabin garin zai ce na ɗauki ɓangare. Mama Etelka daga Hangarawa take. Da mijinta ya rasu a ƙarshen 2004, sai ta juya fuska bango, ta daina magana, ta daina cin abinci sai ɗan ruwan shayi. Likita ya ce idan aka kai ƙarshen Janairu a haka, za a saka mata robar abinci a ciki a mayar da ita gidan kula da tsofaffi. Klara ta amince tana kuka, don ba ta da yadda za ta yi. Anti Kouloussoum kuwa ta ga irin wannan tafiya sau da yawa, kuma ta san tsohuwar da aka raba da ɗakinta a wannan hali ba ta cika daɗewa ba.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta matso. Mijin Anti Kouloussoum, Malam Hassoumi, Bazabarme mai tuƙa tasi, ya ɗauke ta zuwa Pleasant Garden, gonar wani dattijo mai suna Traian inda mutanenmu suke zaɓen ragon layya. Baba Mai Tumaki muke ce masa. Maza suka nufi garke, ita kuma sanyi ya kora ta cikin rumfar dattijon. A bangon rumfar ta ga hoton wata gada da hasumiyar coci biyu a bayanta, ɗaya siririya mai tsini, ɗaya mai kai kamar albasa. Kullum sai ta goge ƙurar irin wannan hoton a gefen gadon Mama Etelka.

Da dattijon ya tabbatar mata garinsu ne, saura kaɗan ta yi guɗa a gaban raguna. Ta ba shi labarin tsohuwar. Da ya ji sunan, sai ya ɗan ɓata fuska ya ce wannan sunan mutanen tsallaken gada ne. Anti Kouloussoum ba ta ga wani abu a ciki ba, don ko a Tsibiri akwai unguwa da unguwa. Ta matsa masa lamba, ta ce a wurinsu ba a jin 'yar gari tana kwance a ƙasar wasu a ƙi zuwa duba ta. Ya yi ta kame-kame da tumaki da nisa da ciwon baya, ta toshe kowace ƙofa, har ya ce zai zo.

A mota Malam Hassoumi ya ja mata kunne. "Kouloussoum, agency ɗinku masu tura ku aiki ba su yarda a kai baƙo gidan client, wanda ake wa hidima, ba fa. Nan ba Tsibiri ba ce."

"Bon, su kore ni," in ji ta. "Ɗan garinsu ne, Malam. Wace doka ce za ta hana ɗan gari duba 'yar gari?"

Ya ce taurin kan Gobirawa ba ya jin magani, ta ce ai gara taurin kai da tsoron Zabarmawa. Suka yi dariya, domin Gobirawa da Zabarmawa taubasai ne, abokan wasa tun kaka da kakanni, kowa ya ci fuskar kowa ba a fushi. A gidan nan haka ake kwana ana tashi.

Baba Traian ya iso da hantsi cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, riƙe da ƙullin cukun madarar tumakinsa. Ya tsaya bakin ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa da Romaniyanci, ya ambaci garin da sunan da mutanensa suke kiransa. Tsohuwar da ta yi makonni tana kallon bango ta juyo a hankali, ta dube shi daga hula har takalmi, ta gyara masa sunan garin da Hangaranci. Ya maimaita nasa. Ta maimaita nata. Kafin ka ce kwabo murya ta hau, yatsa na nuna yatsa, kowa na zuba harshensa kuma kowa na jin na ɗan uwansa sarai, don a gari ɗaya suka koyi tafiya.

A nan ne Anti Kouloussoum ta yi kuskuren da sai 'yar ƙasarmu za ta yi shi. Ta ga ƙabilu biyu, gari ɗaya, daga haɗuwa sai cin fuska, sai ta yanke cewa taubasai ne. Ta fashe da dariya, ta tafa hannu, ta ruga ta haɗo shayi ta dire a tsakaninsu tana ce wa Baba Traian kada ya raga mata. Tsofaffin suka juyo suna kallonta. Da Turancinta na aiki ta yi musu bayani cewa ita ma haka suke da mijinta, ƙabilarsa da tata, zagin wasa ne na zumunci.

Mama Etelka ta ce, "'Yata, wannan ba wasa ba ne. Gwamnatin mutanensa ce ta ƙwace injin niƙan babana."

Baba Traian ya ce, "Sojojin mutanenta kuma suka sa muka bar gidanmu ina yaro. Da akuya ɗaya muka ƙetare iyaka."

Ashe a lokacin yaƙin duniya na biyu an yanke yankin an ba ƙasar Hangari, bayan 'yan shekaru aka mayar wa Romaniya, kuma kowane juyi ya bar wa wani gida tabo. Kunya ta rufe Anti Kouloussoum. Ga shi hayaniyar ta sauko da Klara daga bene, ta tarar da baƙon namiji mai warin tumaki a ɗakin uwarta, uwar kuma tana haki. Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta ce yanzu za ta kira ofishin da ya turo Anti Kouloussoum, kuma maganar ƙarshen wata tana nan daram. Anti Kouloussoum ba ta kare kanta ba, ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri.

Baba Traian ya ɗauki hularsa. Amma dattijon ba ya iya barin magana a ciki, sai da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo ya ce ko ma mene ne, Romaniyawa sun fi yawa a garin tun fil azal. Ya faɗa da Turanci don kowa ya ji.

Mama Etelka ta buga sandarta a ƙasa. "Ƙarya kake yi. Ka dawo ranar Alhamis mu bi garin gida-gida, in nuna maka."

Bayan fitarsa ta tambayi abin da ke cikin ƙullin. Anti Kouloussoum ta gutsuro mata cukun. Tsohuwa ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce gishiri ya yi yawa kamar duk cukun mutanensa, sannan ta miƙo hannu a ƙara mata. Daga nan ta ce a ɗumama mata miya, don ba za ta fuskanci wannan makiyayin da yunwa ba. Klara tana tsaye da waya a hannu. Ita da bakinta ta gaya mini ba ta san lokacin da ta ajiye ta ba.

Tun daga ranar, kowace Alhamis tsofaffin nan suke tashi daga bakin gada su bi garinsu da baki, ƙofa bayan ƙofa, kowa na cewa gidan na mutanensa ne. Wannan gidan maƙeri ne, namu ne. Na kusa da shi na mai ɗinkin takalma ne, namu ne, ai matarsa tamu ce. Anti Kouloussoum ce alƙaliya, alhali ba ta jin ko kalma ɗaya. Doka biyu kawai ta kafa, kuma daga taubasantaka ta aro su: a ci fuska yadda ake so amma ba a tashi da fushi, kuma ba mai barin ɗakin sai an ci abinci tare. In ta ga jijiyar wuya ta miƙe, sai ta turo faranti.

Wata Alhamis ta ji ɗakin ya yi shiru, ta leƙo a tsorace. Sun iso gidan mai gasa burodi, wanda ba na Hangarawa ba ne ba kuma na Romaniyawa ba, na Yahudawa ne. 'Yar gidan benci ɗaya suke zama da Etelka a makaranta, uwar gidan kuma ita take ba Traian gutsuren burodi mai zafi in ya wuce da tumaki. A 1944 aka kwashe su duka a jirgin ƙasa, ba wanda ya dawo. Tsofaffin biyu suna zaune suna hawaye, ba mai cewa namu ne. Da suka ci gaba suka tarar layin Jamusawa ma ya watse zuwa Jamus, samarin yanzu kuma, na kowane ɓangare, sun tafi neman aiki Italiya da Sifen. Garin da suke jayayya a kansa ya koma na tsofaffi da ƙofofi a kulle.

Ƙarshen Janairu ya zo ya wuce ba a saka roba ba. Mama Etelka tana ɗakinta har yau, ta yi kumatu, bakinta kuwa sai dai a yi haƙuri.

Ke ce kika yi wannan, Anti Kouloussoum, Bagobira mai taurin kan alheri. Ba ki san tarihin Turai ba, kin ma fahimci faɗan a baibai, amma kin san mutum ba ya rayuwa ba wanda zai tuna garinsu da shi, ko da abokin gaba ne. Kin sa aikinki cikin haɗari saboda tsohuwar da ba dangin iya ba na baba, kuma da kika gane kin yi kuskure ba ki gudu ba, kin tsaya kin gyara shi da faranti da haƙuri.

Ranar walimar ajiye aikinta, a wani zaure da ke kan High Point Road, ana tsakiyar rabon shinkafa sai ga Baba Traian yana turo Mama Etelka a keken marasa lafiya, suna tafe suna musu a kan hanyar da ya kamata ya bi. Malam Hassoumi, da yake ba ya ganin faɗa ya wuce, ya tambaye su wai a ƙarshe wa ya fi yawa a garin. Baba Traian ya buɗe baki, tsohuwa ta ɗaga masa hannu.

"Mun bi garin kaf," in ji ta. "Masu tuna shi yadda yake mu biyu muka rage, ni ɗaya shi ɗaya." Ta kamo hannun Anti Kouloussoum ta riƙe. "Ranar farko kin ce mu abokan wasa ne, na ce miki ba haka ba ne. To, ran nan ba haka ba ne. Yau haka ne."

Anti Kouloussoum ta ja bakin kallabinta ta rufe fuska, mata suka ɗauki guɗa, Baba Traian kuma ya fake da gyaran birkin keken.

Mun gode, Anti. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka miki da wanda zai riƙe ki yadda kika riƙe iyayen mutane. Ku kuma 'yan uwa masu shiga gidajen tsofaffi kowace safiya, a Irving Park ko a ko'ina, kada ku tsaya a wanka da magani. Ku dubi hoton da ke gefen gado ku tambayi garin, ku tambayi mutanensa. Ita kam ta ajiye aiki, amma Tchima ta ce ranar Alhamis kada kowa ya neme ta a gida, don har yanzu tsofaffin nan ba su yarda da wani alƙali ba sai ita.